Me ya sa jitata ba ta kuka irin ta Jimi Hendrix?

Tambaya: Ni makaɗin jita ne a Damagaram. Idan na saurari Jimi Hendrix da Pink Floyd na farko-farko, sai in ji jitar tana kuka, tana yawo daga kunne zuwa kunne, wani lokaci ma kamar da baya take tafiya. Na sayi fedar fuzz, amma ƙugi kawai nake samu. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, abin da kake ji a waɗannan faya-fayan aiki biyu ne aka haɗa. Akwai wanda makaɗi ya yi da hannunsa da ƙafarsa, akwai kuma wanda aka yi wa tef a sutudiyo bayan ya ajiye jita. Na biyun, ko nawa ka kashe a kan feda ba za ta ba ka shi daidai ba.

Mu fara da ƙugin. Fedar da aka fi sanin Hendrix da ita ita ce Fuzz Face, wadda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966. Tiransisto biyu ne kacal a cikinta, kuma tana da zaɓe: so take ta ji jita kai tsaye. In ka sa na'urar saita tsirkiya ko wata fedar zamani a gabanta, sautin sai ya yi tsini, ya bushe. Gyara wannan tukuna. Sannan ka buɗe fedar kusan ƙarshe, ka koma kan mamurɗin ƙara na jikin jitar. Sauke shi daga 10 zuwa 7, ka ji yadda ƙugin zai washe ya koma sauti garau mai ɗan ƙaiƙayi. Lokacin solo ka murɗa shi sama da ɗan yatsa. A ganina, rabin sirrin Hendrix yana kan wannan mamurɗin, kuma shi ne matasa suka fi mantawa da shi.

Kada kuma ka manta amfilifayarsa Marshall ce mai wat 100, a buɗe har tana rawar murya tun kafin ya taka feda. Ƙarar ce ke komawa ta girgiza tsirkiya, shi ya sa sauti ɗaya ke daɗewa yana kuka. Da ƙaramar amfilifaya, rage kaifin sauti, ka zaɓi fikof na kusa da wuyan jita, ka matsa kusa da lasifika.

Wata shawara da ta shafe ka musamman: Fuzz Face ta farko da tiransiston jamaniyam aka yi ta, shi kuwa ba ya shiri da zafi. A ranar Afrilu ta Damagaram, sautin safe daban, na azahar daban. Nemi mai silikon. Kamfanin ma can ya koma kafin shekarun 1960 su ƙare.

Sauran fedojin ado ne. Octavia ta Roger Mayer ce ke ba solon "Purple Haze" wannan siririyar murya ta sama. Uni-Vibe, ƙirar Japan, ita ke sa sauti tangaɗi a wasansa na Woodstock a 1969. Amsa-kuwwar Pink Floyd kuwa daga Binson Echorec ta Italiya take. Kowace fedar maimaici za ta kusanta ka in ka dusashe maimaicin.

Yanzu aikin sutudiyo, wanda kwamfuta da manhajar kyauta irin Audacity sun ishe ka. Jita mai tafiya da baya, kamar ta George Harrison a "I'm Only Sleeping" na Beatles a 1966, juya tef aka yi. Kai ma ɗauki kiɗan rakiya, ka juya shi, ka kaɗa solonka a kai, sannan ka juya duka biyun. Kaɗa a hankali, da dogayen sautuka, domin kowane sauti zai taso ne daga shiru ya kumbura ya yanke kwatsam. Gudu a nan hayaniya yake zama. Ka tuna inda ka fara nan ne ƙarshen solon.

Shuuu ɗin nan kamar jirgin sama na wucewa, da ke ƙarshen "Bold as Love" na Hendrix a 1967, da na'urorin tef biyu aka same shi, suna juya kiɗa ɗaya, ana ɗan rage gudun ɗaya. Kwafi layin jitarka, ka sauya gudun kwafin da ƙiris, ka saurare su tare. Yawo daga kunne zuwa kunne kuwa, injiniyan Hendrix, Eddie Kramer, da hannu yake karkata sautin hagu da dama lokacin haɗawa. Yi naka da hannu kai ma, kada ka bar wa manhaja, don nata ya cika daidaito. Kuma a waƙa ɗaya dabara ɗaya ko biyu sun isa.