Titin Broad na Birnin Ikko: Tarihi, Unguwanni da Ciniki

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan Titin Broad da ke tsibirin Ikko, wato Legas. Ma'anar sunan a Turance ita ce titi mai faɗi, amma wanda ya gan shi a yau cike da 'yan tireda da motocin haya zai yi mamakin wannan suna. Titin ya miƙe ne daga wajen Dandalin Tafawa Balewa har zuwa Apongbon, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Titin Marina.

Bayan da Turawan Ingila suka karɓe Ikko a 1861, a wannan yanki suka kafa harkokinsu. A nan aka buɗe makarantar CMS a 1859, wadda ita ce sakandare ta farko a Nijeriya, kafin daga baya ta koma Bariga. A nan kuma suka gina gidan yari, inda aka tsare 'yan kishin ƙasa irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Kurkukun ya daɗe a rushe, sai a 2010 aka mayar da filin wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park. An taɓa canza wa titin suna zuwa Yakubu Gowon, amma bayan juyin mulkin 1975 tsohon sunan ya dawo.

Unguwannin da ke kewaye da shi su ne suka fi jan hankalin ɗalibin harshe. Olowogbowo mazaunin Saro ce, wato 'yantattun bayi da suka dawo daga Saliyo. Popo Aguda kuwa ta waɗanda suka dawo daga Barazil ce, shi ya sa har yanzu ake jin sunaye irin su Campos da Da Rocha. A tsakiya akwai Dandalin Tinubu, mai ɗauke da sunan Efunroye Tinubu, hamshaƙiyar 'yar kasuwa da ta rasu a 1887.

Ta fuskar ciniki, a da titin bankuna ne da manyan kamfanoni. Da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, bankuna da dama kuma suka ƙaura zuwa Victoria Island, sai ƙananan 'yan kasuwa suka cike gurbin. Kasuwar Balogun ta malalo har cikin tsofaffin benaye, ana sayar da atamfa da leshi da takalma. A ganina cinikin ya raya titin, amma ya wahalar da gine-ginen tarihi, domin mai neman rumfa ba ya tambayar shekarun bango.

Ɗalibin da ke son gwada Hausarsa ba sai ya je Kano ba. 'Yan canji Hausawa suna nan a bakin titin. Ka yi musu sallama, ka tambayi nawa Dala take yau, za ka ji "albarka" da "ƙara dai" da "sallama" a bakin masu harshen, da saurin da ba a jin sa a cikin aji.