Haɗa Abinci, Cin Ɗanye, da Abin Zaƙi Bayan Tuwo

'Yan'uwa, akwai tambayoyi uku da ake yawan yi mana a asibiti game da abinci. Na farko: akwai abincin da bai kamata a haɗa shi da wani ba? Na biyu: gaskiya ne ɗanyen abinci ya fi dafaffe amfani? Na uku: wane abin zaƙi mutum zai ci bayan abinci ba tare da ya cuci kansa ba? Wasu sun ji maganar daga kakanni, wasu kuma 'ya'yansu ne suka gani a waya suka kawo gida. Wannan darasi zai amsa su ɗaya bayan ɗaya.

1. Dokokin raba abinci

Wajen shekarun 1920 wani likita a Amurka, Dokta William Hay, ya koyar cewa kada a ci abinci mai sitaci, kamar burodi ko dankali, tare da mai gina jiki, kamar nama ko ƙwai. Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara cewa a ci 'ya'yan itace su kaɗai, ciki babu komi, wai in an haɗa su da wani abu za su ruɓe a ciki. Masu bin tsarin cin ɗanyen abinci zalla a Amurka da Turai suna riƙe da waɗannan dokoki har yau.

An gwada maganar. A shekarar 2000 likitoci a birnin Janeba na ƙasar Suwizaland sun ba da sakamakon wani gwaji. Sun raba masu ƙiba kashi biyu, an ba su abinci daidai da daidai har mako shida. Kashi ɗaya suna raba abinci bisa doka, ɗaya kashin suna haɗawa. A ƙarshe raba abincin bai ƙara musu komi ba.

Dalilin a fili yake. Ciki da ƙaramin hanji suna fitar da ruwan narkar da abinci iri-iri, kowanne da aikinsa, kuma suna aiki tare. Ruwan da ke cikin tumbi yana da tsami sosai, abinci ba ya ruɓewa a cikinsa. Ku dubi ƙwayar wake: sitaci da furotin suna tare a cikinta, babu mai iya raba su. Ku dubi nonon uwa: akwai maiƙo, akwai zaƙi, akwai mai gina jiki, jariri sabon haihuwa kuma yana narkar da shi lafiya lau.

Mu ma muna da namu dokokin. Ana cewa kifi da nono suna kawo kuturta. Ba haka ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ana ɗaukarta ta daɗewa kusa da mai ita wanda bai fara shan magani ba. Maganinta kyauta ne, ana sha wata 6 zuwa 12. Ana kuma cewa mangwaro na kawo zazzaɓin cizon sauro. Sauro ne ke kawo shi. Kada a hana yaro mangwaro, a sa shi cikin gidan sauro.

2. Haɗin da ke da amfani

Maimakon tsoron haɗawa, gara mu koyi abin da ke taimakon juna a cikin kwano.

Hatsi da wake. Jiki yana gina tsoka da jini da furotin, furotin kuwa kamar gini yake da tubali iri-iri. Dawa, gero, masara da shinkafa suna da ƙarancin wani tubali da ke da yawa cikin wake. Wake kuma ya gaza a wani da hatsi ke da shi. In an haɗa su, ginin ya cika. Shi ya sa wake da shinkafa, ƙosai da koko, da tuwo da miyar wake suke riƙe gidan da nama ba ya shiga kullum. Fura da nono ma haka ne. Ba dole a ci su cikin kwano ɗaya ba, in an ci a yini ɗaya ya wadatar.

Ganye da abu mai tsami. Ƙarancin jini yana damun mata masu ciki da ƙananan yara ƙwarai. Akwai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini cikin wake, zogale, alayyafo da gero, amma hanji ba ya tsotse shi da sauƙi. Bitamin C ne ke buɗe masa hanya. Ana samunsa a lemo, lemun tsami, gwaiba, gwanda, ɗanyen tumatir da farin garin da ke cikin ɗan kuka. Ku matsa lemun tsami a kan wake, ko ku ci gwaiba ɗaya bayan tuwo. Ɗan nama ko kifi a miya shi ma yana taimakawa.

Ja da kore tare da mai. Karas, kabewa, mangwaro, gwanda da koren ganye suna ba da bitamin A, mai tsare ido daga dundumi, mai kuma taimakon yaro yaƙi da cuta. Wannan bitamin sai da maiƙo yake shiga jiki. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, ko ɗan ƙuli-ƙuli, ya isa. Kwaɗon zogale misali ne mai kyau: dafaffen ganye, ɗanyen tumatir da albasa, ƙuli-ƙuli da ɗan mai. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan haɗi.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Shayi da kofi suna hana sinadarin ƙarfe shiga jini in an sha su tare da abinci. A jira kamar awa ɗaya bayan an ci, musamman mai ciki da wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa. Kanwa mai yawa kuma tana kashe wasu bitamin a tukunya. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba.

3. Ɗanye ko dafaffe?

Ɗanyen abu yana da nasa amfani. Wuta tana rage bitamin C, saboda haka 'ya'yan itace, tumatir, kokwamba, kabeji da latas suna da kyau a ci su ɗanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, wato kamar cikin hannu biyar.

Amma zama a kan ɗanye zalla wani abu ne dabam. A shekarar 1999 masu bincike a jami'ar Gisen ta ƙasar Jamus sun ba da rahoto kan mutanen da suka daɗe a wannan tsari. Da yawa sun rame ƙwarai, kuma wajen uku cikin goma na matan da ba su kai shekara 45 ba, al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Waɗannan mutane ne masu wadata. To, ina ga manomi mai yini a gona? Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Dafawa tana sa jiki ya sami ƙarfin da ke cikin hatsi da doya, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Mai ciki, mai shayarwa, yara, tsofaffi, da masu shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, kada su shiga wannan tsari.

Waɗannan kuwa ba a cin su ɗanye ko kaɗan:

Rogo mai ɗaci. Yana da guba. A fere shi, a jiƙa cikin ruwa kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, a shanya ya bushe sarai, sannan a dafa. Rogon da aka gaggauta yana kawo cutar konzo, wadda ke sandare ƙafafu farat ɗaya kuma ba ta warkewa. An same ta a Kwango, Afirka ta Tsakiya da gabashin Kamaru, ta fi kama yara da mata masu haihuwa.

Wake da waken soya. Ɗanye ko rabin dafuwa yana kawo amai da zawo.

Nama, kifi da ƙwai. Naman da bai nuna ba yana kawo tsila da wasu tsutsotsi. A dafa har ja ya ɓace a tsakiya.

Madarar shanu ko ta akuya. A tafasa ta kafin a sha, kafin kuma a yi kindirmo. Tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi suna bi ta ɗanyar madara.

Abin da za a ci ɗanye kuwa, sai an tsabtace shi, domin taifod, atuni da kwalara suna bin ƙazamin ruwa da hannu marar wanki. Ku wanke hannu da sabulu. Ku wanke kayan da ruwan da kuke sha, ganye ɗai-ɗai. Abin da ke feruwa a fere shi. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama a wanke ta kafin ta taɓa tumatir. Kada ku sayi yankakken kankana ko abarba da ya yini a buɗe ƙuda na bi. In kwalara ta shigo gari, a bar ɗanyen ganye har ta wuce, a ci dafaffe da zafinsa.

4. Abin zaƙi bayan abinci

Ba laifi ba ne son zaƙi. Matsalar tana cikin yawan sukari na lemon kwalba, alewa da shayi mai cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, kamar ƙaramin cokali 12, zuma ma tana cikin lissafin. Kwalbar lemo ɗaya tana cinye fiye da rabin wannan. Ga abubuwa uku masu sauƙi da ba sa bukatar wuta:

Haɗin 'ya'yan itace. Mangwaro ɗaya, yankin gwanda, ayaba biyu. A yanka ƙanana, a matsa rabin lemun tsami, a barbaɗa soyayyar gyaɗa. Ya ishi mutum huɗu. A ci nan take.

Dunƙulen dabino. A wanke dabino goma, a cire ƙwallo, a daka da soyayyar gyaɗa cikin hannu biyu, a dunƙula kamar ƙwan zabo. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, tana lalata hanta.

Kindirmo da kuka. A jiƙa farin garin ɗan kuka cikin tsabtataccen ruwa, a tace, a dama da kindirmon tafasasshiyar madara da nunanniyar ayaba ɗaya. Ba ya bukatar sukari.

Mai ciwon sukari zai iya cin ɗan itace, amma kaɗan, bayan abinci, kuma ya tauna shi ɗungum, kada ya matse ruwan ya sha. Dabino da zuma ya yi hankali da su, ya bi abin da aka faɗa masa a asibiti. Jariri nonon uwa kaɗai zai sha har wata 6. Daga nan ana iya murƙushe masa ayaba, gwanda ko fiya. Kada a ba shi zuma sai ya cika shekara ɗaya, kada kuma a ba ƙaramin yaro gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi.

Wanda ya lura wani abinci yana kumbura masa ciki, ya rage shi, jiki ba ɗaya ba ne. Amma in ciwon ciki ya wuce mako biyu, ko akwai jini a bayan gida, ko mutum yana ramewa ba dalili, ya zo asibiti a duba shi.

Tambayoyi don tattaunawa a gida ko a zumunta

1. Wane abinci ne aka hana haɗawa a garinku? Wane dalili ake bayarwa?
2. Me za a ƙara wa wake ko zogale don su ƙara jini?
3. Kwana nawa ake jiƙa rogo a gidanku?
4. Waɗanne 'ya'yan itace ne ke nuna a wannan wata, waɗanda za a ba yara maimakon alewa?