Hannu Ya Faɗa, Saura Ido: Magana da Sababbin Direbobin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Sana'ata koyar da tuƙi ce, kafin nan kuma na daɗe ina jan motar haya tsakanin Kano da Kazaure da Daura. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini ba sababbi fil ba ne. Uba zai zo da ɗansa ya ce, "Malam, ai ya iya, hannu kawai za ka gyara masa." In na bincika sai in tarar a filin makaranta aka koya masa bayan la'asar. Ya san kuloci, ya san giya, yana ribas ba ya taɓa bango. Amma bai san gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari ba, bai san wa ke tsaya wa wani a shataletale ba, kuma bai taɓa tambayar kansa nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba. Hannu yakan faɗa cikin 'yan makonni. Ido da lissafin tazara da haƙuri su ne ke cin lokaci, su ne kuma ke mayar da mutum gida lafiya.

Dubi hanyar da za a saki wannan yaro a kai. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta, ta ratsa Kazaure, ta wuce Daura har bakin iyakar Nijar a Kwangwalam, ta kowa ce. Tirela na kai, tankar mai na kai, ga bas ɗin haya mai neman ya juyo kafin magariba, ga ɗan acaɓa da goyo biyu da buhu, ga ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu suna tsallakawa, ga amalanken shanu ya ɗauko taki ko karan dawa. In ka karkata zuwa Roni ko Gwiwa, kwaltar ta tsuke, duwatsu da tuddai suna ɓoye maka kwana, ƙofar gidan mutane kuma taku kaɗan ce daga taya. Ta wajen Babura rairayi ne ke hawowa gefen titi, da kaka kuma a shanya amfanin gona a bakin kwalta, awaki na biye da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a filin makaranta.

Dokar hanya ta Najeriya ta ce ƙaramar mota ta gida kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 kuma sai a kan tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya. Tasi da bas 50 ne da 80 da 90. Tirela da tanka 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwaye. Ke nan hanyar Roni da ta Gwiwa da ta Babura duk ba su kai matsayin 100 ba, komai santsin kwalta. Kuma duk inda ka ga gidaje da masallaci da mai shayi a bakin titi, ka shiga gari, ko akwai allo ko babu.

Ɗalibaina sukan haddace waɗannan lambobi da wuri, sai dai ba sa shiga jikinsu sai mun yi wani abu a aikace. Nakan kai ɗalibi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, in ce ya riƙe 50. In na ce "tsaya", ya taka birki iya ƙarfinsa. Sai mu sauka mu auna da ƙafa daga inda na yi magana zuwa inda motar ta tsaya. Kusan mita 30 ake samu, kuma rabin wannan tazara motar ta cinye ta ne tun kafin ƙafarsa ta kai kan birki, don a gudun 50 mota na cin mita 14 a kowace daƙiƙa. A gudun 100 mita 28 take ci a daƙiƙa guda. Shi birki kuwa, in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da yake buƙata ninkawa take sau huɗu. Mai gudun 100 a busasshiyar kwalta da lafiyayyen birki sai ya ci sama da mita 80 kafin ya tsaya, kusan tsawon filin ƙwallo. Yaron da ya biyo akuya da gudu daga bayan katanga ba zai ba ka wannan fili ba. Na sha ganin fuskar saurayi ta sauya a daidai lokacin da muke ƙirga takun nan, kuma daga ranar ƙafarsa kan sassauta da kanta in mun doso ƙauye.

Wannan lissafi shi ne kuma dalilin barin tazara tsakaninka da motar gabanka. Ka zaɓi turken wuta ko bishiya. In motar gaba ta gota shi, ka fara ƙirga "dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku". In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse shi da yawa. Littafin dokokin hanya daƙiƙa biyu ya ambata, ni uku nake koyarwa, saboda yawancin motocinmu tsofaffi ne kuma ba kowace fitilar birki ke kamawa ba. In ana ruwa ko hazo, ka ninka.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a hanyoyinmu shi ne wuce mota, abin da direbobi ke kira obatekin. A titin da ba a raba ba, wanda zai wuce mota aron hannun masu tahowa yake yi, kuma sabon direba bai san tsawon lokacin da zai zauna a hannun da ba nasa ba. Mu ɗauka tirela na tafiya da 60, kai kana 80. Kafin ka fito daga bayanta, ka shige tsawonta, ka ba ta fili ka koma hannunka, sai ka ci daƙiƙa goma ko sama da haka. A cikin wannan lokaci ka yi tafiyar mita 200 da ɗoriya, wanda ke tahowa ma ya yi kamar haka ko fiye. Wato kana buƙatar kusan rabin kilomita da idonka ya gani fayau babu kowa. A kan tudu ba ka da shi, a kwana ba ka da shi, a bakin kasuwa ko kan gada ba ka da shi. Farin layin da bai yanke ba a tsakiyar titi wannan maganar yake faɗa maka. Kuma kada ka bi bayan wani da ya fita wucewa kana cewa ai ya ga hanya. Don kansa ya gani, in ya koma hannunsa kai za a bari fuska da fuska da mai tahowa.

Direbobin manyan motoci sukan kunna sigina su nuna maka ka wuce ko ka dakata. Alheri suke nufi, amma ba duka suka haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, wani ma kwana zai yi da gaske. Ka gode masa, ka duba da idonka. Haka ma al'adar kunna sigina biyu a mararraba da nufin "miƙewa zan yi" ba ta cikin doka. Sigina biyu ta motar da ta lalace ce ko mai gargaɗin haɗari.

Allunan hanya ba su da wuya in an kama su ta siffa. Da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni, mai kusurwa uku gargaɗi, mai kusurwa huɗu bayani. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, a shataletale wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya.

Akwai abu biyu da ba a koyar da su a fili, kuma su ne na fi ganin suna kifar da ƙananan motoci a yankinmu. Na farko, tayar dama ta zame daga kwalta ta faɗa gefen da ruwa ya zaizaye ko rairayi ya cika. Hannu da kansa zai so fizgo sitiyari ya dawo, a nan mota ke wuntsilawa ko ta tsallaka hannun masu tahowa. Abin yi shi ne ka riƙe sitiyari a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bar gudu ya sauka, ka duba madubi, sannan ka hau kwalta a hankali. Na biyu fashewar taya. Nan ma kada ka danna birki, ka ƙanƙame sitiyari da hannu biyu ka bar motar ta rage da kanta har ka samu gefe. Ita kanta tayar tana da shekaru a rubuce. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take ba taya. Tayar gwanjo da ta sha shekara takwas, zanenta na iya zama da kyau amma robar ta bushe, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya raga mata. Ka riƙa tsayawa wurin mai faci a auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, har da safaya.

Sabon direba ya jinkirta tuƙin dare gwargwadon hali. Ƙaramar fitila ba ta nuna maka fiye da mita 50 zuwa 60, amalanke kuwa ba shi da fitilar baya, haka babur da yawa, haka tirelar da ta mutu aka jera mata ganye a titi. In wani ya haske maka ido da babbar fitila, kada ka rama, ka rage gudu ka mai da ido gefen dama na titi. A hazon hunturu ƙaramar fitila ake kunnawa ko da rana, don babbar dawo maka take a ido. Ruwan farko na damina kuma yana taso da ƙura da baƙin mai ya mai da kwalta santsi.

A lura da na yi, makon farko ba shi ne mai haɗari ba. A lokacin tsoro na nan, hannu biyu na kan sitiyari. Haɗari na zuwa ne bayan 'yan watanni, in tsoro ya tafi ƙwarewa ba ta iso ba. A nan ne abokai za su cika mota ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, wani daga baya ya ce, "Haba direba, ba ta wuta mana, ko tsoro kake?" A nan ne hannu ɗaya zai koma kan waya, bel kuma sai an hango jami'ai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka haɗarinsa kusan sau huɗu, bel kuma yana rage yiwuwar mutuwar na gaban mota da kusan rabi. Tun 2003 ake tilasta ɗaura bel a Najeriya, amma har yau sai na yi da gaske kafin ɗalibi ya saba ɗaurawa kafin ya tayar da mota. Wasu kan ce mini ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali tare yake da riƙo da sababi, kuma ran fasinja da na mai tafiya a ƙasa amana ce da za a tambayi direba a kanta. Wanda kuma zai haɗiyi ƙwaya don kada ya yi barci a hanya, ya sani barcin bai tafi ba, hankalinsa ne ya ragu.

Iyaye, a nan nake roƙonku. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 lasin ba, don haka kada a miƙa wa ɗan shekara sha huɗu makulli don a aike shi kasuwa. Hanyar samun lasin a bayyane take: makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, takardar izinin koyo, jan harafin L gaba da baya tare da mai lasin a gefe, gwaji a wurin jami'an duba motoci, sannan ɗaukar hoto da yatsu. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi da hoto ya kawo maka lasin har gida, sau da yawa jabu zai kawo, in ma na gaske ne ya tsallakar da yaronka matakin da za a gane abin da bai sani ba. Da aikin mai da hanyar Kano zuwa Kwangwalam tagwaye, gudu zai ƙaru a kanta, kuma duk inda ake aikin titi akan karkatar da motoci su haɗu a hannu ɗaya ba zato. Wannan ƙarin dalili ne na koyo yadda ya kamata.

Kai kuma direba, wata rana kai ne za ka fara isa wurin da haɗari ya auku. Ka wuce wurin ka faka nesa a gefe, ka kunna sigina biyu, ka ajiye jan alwatikan gargaɗi da nisa don masu tahowa, ka kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a fizgo shi sai in wuta ake tsoro, mai zubar da jini kuma a danne wurin da tsumma mai tsabta. In tankar mai ce ta faɗi, kada ka tsaya kusa ko kaɗan. Mutanen Jigawa ba su manta daren 15 ga Oktoba, 2024 ba, lokacin da tanka ta kife a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Tururin fetur yana bin ƙasa ya yi nisa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Ka juya motarka, ka tsayar da na bayanka, ka hana yara matsawa, sannan ka buga waya daga nesa.