Ƙudan 'Ya'yan Itace: Yadda Za a Rage Ɓarnarsa a Gida da Gona

Gabatarwa

Da zarar mangwaro ya fara nuna, mazauna Naraguta da masu kasa tumatir a kasuwar Farin Gada kan yi kukan ƙananan ƙudaje da ke yanyame kwanduna da ɗakunan girki. Ya kamata a sani cewa ƙudan iri biyu ne, amma abin da ke raya su ɗaya ne, wato 'ya'yan itacen da aka bari suna ruɓewa.

Ire-irensa

1. Ɗan ƙarami mai jan ido, wanda masana ke kira Drosophila. Yana bin abin da ya nuna ya wuce kima. Idan akwai ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 10 ne kacal, mace guda kuma kan saka ɗaruruwan ƙwai.

2. Babba mai ratsin rawaya, wato Bactrocera dorsalis. Asalinsa daga Asiya ne. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a shekarar 2003, daga nan ya bazu zuwa Afirka ta Yamma. Macen kan huda lafiyayyen mangwaro ko gwaiba ko lemo ta saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawo. Tsutsa ta cinye cikin, ɗan itacen ya faɗi, ita kuma ta shige ƙasa ta rikiɗe ta fito ƙuda. Yawansa na ƙaruwa da faɗuwar damina.

Matakan da za a ɗauka

1. A tsince duk abin da ya faɗi ƙarƙashin bishiya aƙalla sau biyu a mako.

2. A zuba shi a baƙar leda marar huji, a ɗaure, a bar shi a rana tsawon mako guda, ko a binne shi a rami mai zurfin rabin mita.

3. A tsinke mangwaro da zarar ya ƙosa, kada a jira ya nuna a sama.

4. A gida da rumfa, a ware ruɓaɓɓe kullum, a wanke kwando, a rufe mazubin shara.

5. A sa ɓawon ayaba a kwalba, a ɗora mazurarin takarda a bakinta. Ƙananan za su shiga su kasa fita.

Gargaɗi

Kada a fesa maganin ƙwari a kan abin da za a ci ko a sayar. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke ciki, sai dai ya cutar da mai ci. Haka kuma tsaftar gona ɗaya ba ta wadatarwa, domin ƙudan na tashi daga lambu zuwa lambu. Manoma su haɗa kai da maƙwabta, su tuntuɓi malamin gona game da tarkon methyl eugenol mai kama mazan babban ƙudan.