Tsargiyar hanji da tabon hanta: abin da gado ke yi a ciki

Ƴan'uwa manoma, tsargiya iri biyu ce a ƙasarmu. Wadda kowa ya sani ita ce mai sa fitsarin jini. Ta biyu tana zaune cikin jijiyoyin hanji, kuma hanta take yi wa ɓarna. Ana samun ta wajen Gaya da wasu gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara. Ita ce karatunmu na yau.

Tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. In ta girma sai ta yi ta zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen suna fita cikin kashi. Wasu kuwa jini ke kwashe su, su maƙale cikin ƙananan jijiyoyin hanta. Jiki yana ɗaukar kowane ƙwai kamar ƙaya, ya kewaye shi, wurin ya warke da tabo. Shekara da shekaru tabo yana hawa kan tabo, har hanyar jini ta tsuke. Daga nan saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura. Ranar da ɗaya ta fashe, mutum ya yi aman jini, kuma yana iya rasa ransa.

To amma ga abin mamaki. Gari guda, ruwa guda, aiki guda, amma cikin mutum 100 masu wannan tsutsa, kamar 5 zuwa 10 ne kawai hantarsu ke kai wa wannan hali. Me ya raba su da sauran?

Yawan tsutsa da daɗewar ciwo suna da nasu rabo. Maza kuma sun fi mata kamuwa da tabo mai tsanani. Amma wannan bai ƙare zancen ba. A ƙasar Sudan, cikin gandun noman Jazira, inda Hausawa da yawa suka zauna tun zamanin tafiya haji a ƙasa, likitocin Sudan da na Faransa sun bi mutanen wani ƙauye gida gida, suna duba hantarsu da na'urar hoton ciki. Suka tarar tabo mai tsanani yana taruwa cikin wasu dangi, yana tsallake wasu. A 1999 suka bayyana cewa akwai hannun gado a ciki.

Ga yadda abin yake. Kowane mutum yana da igiyoyin gado tagwaye 23 cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ke sa ɗa ya ɗauko tsawon ubansa ko hancin uwarsa. A kan igiya ta 6 aka ga wurin da ke da alaƙa da wannan tabo. Kusa da shi akwai umurnin da ke sa jiki ya ji saƙon wani sinadari mai hana tabo yin yawa. A 2009 aka ƙara gano wani wuri a kan igiyar nan, cikin mutanen Sin da Sudan da Barazil.

Ku tuna da aikin wanzami. Aska ɗaya yake yi wa yara tsaga da ita. Ta wani ta warke sumul, ta wani ta tashi ta yi tudu. Misali ne kawai na kawo, amma haka hanta take: wata tana warkewa da ƙaramin tabo, wata tana wuce gona da iri.

A lura da kyau, ba tsutsar ake gado ba. Wanda bai shiga ruwa mai tsargiya ba, ƙwai ba zai shiga hantarsa ba, ko da dukan danginsa sun yi ciwon. Kuma in an ga mutum biyu ko uku na gida ɗaya da kumburin ciki, kada a ce sammu ne, a zargi kishiya ko maƙwabci. Wannan zargi ya raba zumunta da yawa a banza, ga marar lafiya kwance ba magani.

Gidan da aka taɓa aman jini ko kumburin saifa, ya kamata a kai sauran, musamman samari masu aikin ruwa, gidan likita a duba kashinsu, a ɗauki hoton cikinsu. A nan Yamai ne, a 1996, masana suka taru suka daidaita yadda ake auna tabon tsargiya da wannan na'ura. Maganin kuwa sunansa farazikantel. Yana kashe tsutsa, kuma tabon da bai tsufa ba yana iya raguwa bayan an sha shi. Wanda ya riga ya yi tauri da wuya ya koma. Saboda haka in masu rabon magani sun zo gari da sandar awon tsawo, a ci abinci tukuna, a sha a gabansu. Maganin ba ya hana sake kamuwa, don haka a sha duk lokacin da aka dawo da shi, kuma a yi kashi cikin salanga, nesa da ruwa.