Waƙafi Da JOIN: Wanne Ne Gaba?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, tun muna firamare a Ketare aka koya mana cewa 2 + 3 × 4 amsarsa 14 ce, ba 20 ba, domin ana yin sau kafin tarawa. Ashe irin wannan doka tana nan har a cikin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai na kwamfuta tambaya da shi.

A zangon da ya wuce, malaminmu ya ba ni jadawali uku: dalibai, garuruwa da maki. Ya ce in fitar da sunan kowa da garinsu da makinsa, don a aika wa iyaye sakamako. Sai na rubuta:

SELECT * FROM dalibai, garuruwa JOIN maki ON dalibai.lamba = maki.lamba

Kwamfuta ta ƙi, wai ba ta san dalibai.lamba ba, alhali ga shi a rubuce! Dalili kuwa shi ne, JOIN ya fi waƙafi ƙarfi. Kwamfuta takan fara haɗa garuruwa da maki, a lokacin kuwa ba ta kai ga dalibai ba tukuna. Da can manhajar MySQL tana ɗaukar su daidai da juna. Amma daga fitowa ta 5.0.12 a shekarar 2005, sai ta bi ƙa'idar SQL, ta sa JOIN gaba.

Sai na sa baka, na rubuta (dalibai, garuruwa). Aiki ya tafi, amma an gudu ba a tsira ba. Waƙafi yakan haɗa kowane layi da kowane layi. Ɗalibai 40 da garuruwa 4 suka ba da layi 160, ɗan Ketare ya fito kuma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Da ba a duba ba, da makin wani ya je gidan wani.

Maganin shi ne a bar waƙafi, a ba kowane JOIN sharaɗinsa:

SELECT * FROM dalibai JOIN garuruwa ON dalibai.gari = garuruwa.lamba JOIN maki ON dalibai.lamba = maki.lamba

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku gauraya hanyoyin nan biyu. Kuma ko kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, ku ƙirga layukan da ta ba ku. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.