Kalmomin "Zunubi" da "Bangaskiya" a Littafi Mai Tsarki

A gindin dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, akwai garin Wusasa, inda mishan ɗin C.M.S. ya koma a 1929 bayan ya daɗe a cikin birni. Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. A nan za mu duba kalmomi biyu da mafassaran suka dogara a kansu.

"Zunubi" aro ce daga Larabci, inda take jam'i, amma Bahaushe ya mai da ita tilo, har ya yi mata jam'i nasa, watau "zunubai". Mafassara sun iske ta a bakin malaman Musulunci, suka ɗauka ba gardama.

"Bangaskiya" kuwa tata daban ce. Ga "imani" a kusa, amma suka zaɓi kalmar gida, wadda aka harhaɗa daga "ba" da "gaskiya". A ganina zaɓin nan ya dace ƙwarai. Wanda ya ba da gaskiya, ai wani abu ya miƙa, ya fita daga hannunsa. Saboda haka Kirista Bahaushe ba ya shan wahalar fahimtar sura ta 2 ta Wasiƙar Yakubu, inda aka tsananta a kan mai da'awar bangaskiya alhali ya bar ɗan'uwansa da yunwa da tsiraici. Tun a ginin kalmar akwai aikatau.